Ɗan majalisar da ba a jin muryarsa a zaure, da me za mu auna aikinsa?

Ƙanwar_Maza ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar majalisa ku taimaka min da wannan, abin ya daɗe yana damuna.

Akwai wani jadawali da ake ta yawo da shi a WhatsApp da Facebook, an jera 'yan majalisa tun daga wanda ya fi kowa kawo ƙudirin doka har zuwa wanda bai kawo ko ɗaya ba, to namu yana can ƙasa ƙasa, kuma gaskiya tun da aka rantsar da su ban taɓa ganin ya miƙe ya ce uffan ba a zaman da ake haskawa a talabijin. Magoya bayansa sun dage wai shi mutumin kwamiti ne, aikinsa ba na surutu ba ne, wai masu yawan magana gaban kamara su ne ma ba sa tsinana komai. 'Yan adawa kuma sun ce ɗumama kujera kawai ya je yi. Ni kuma ba na son in zalunci bawan Allah da zato, sannan ba na son a raina min hankali tunda ƙuri'ata na ba shi.

To shin yawan magana a zaure da yawan ƙudiri su ne ma'aunin ɗan majalisa nagari? In ba su ba ne, mene ne? Kuma a ina talaka irina zai ga abin da wakilinsa ya faɗa ko ya zaɓa, ba sai ta bakin 'yan soshiyal midiyarsa ba? Na gode.

Tsohon_Hadimi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na taɓa aiki a ofishin wani ɗan majalisa, ni ne mai bin takardunsa da shirya masa abin da zai faɗa, don haka bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Ki fara da lissafin lokaci. Ɗauki majalisar wakilai ta Najeriya, mutum 360 ne, ta dattawa 109. Sashe na 63 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowace ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, amma zaman zaure Talata da Laraba da Alhamis ake yinsa kuma na 'yan awoyi ne, kafin a kai ga muhawara an yi addu'a an amince da rahoton zaman baya an karanta wasiƙun shugaban ƙasa an gabatar da koke-koken jama'a an saurari ƙudirorin gaggawa, ɗan abin da ya rage shi ake rabawa, kuma ba wanda zai yi magana sai wanda kakaki ya kira. Shugaban masu rinjaye da na marasa rinjaye da bulaliyar majalisa da tsofaffin da suka yi zango biyu uku su ake fara gani. Sabon shiga sai ya ɗaga hannu har ya gaji ba a kalli inda yake ba, balle in ba ya ɗasawa da shugabanni. A Ingila ma haka abin yake, su 650 ne a majalisar wakilansu, kujerun zauren ma ba su ishe su duka ba.

Batun jadawalin nan na ƙudirori kuwa, ki yi hattara da shi sosai. Karatu na ɗaya ba komai ba ne illa akawun majalisa ya karanta sunan ƙudirin, babu muhawara babu komai, amma an riga an ƙirga wa mutum ɗaya. Da yawansu na neman a kafa kwaleji ne ko asibitin tarayya a mazaɓar mai ƙudirin, ba tare da an ce ga inda kuɗin zai fito ba, wasu kuma canjin kalma biyu ne a wata tsohuwar doka. Har akwai masu sana'ar rubuta ƙudiri suna bin ofis ofis da su a jaka, na ga an kawo mana, wanda ya saya ya sa sunansa ko karantawa bai yi ba. In zangon shekara huɗu ya ƙare duk wanda bai kammala ba ya mutu sai an sake sabon lale. Saboda haka tambayar da za ki yi ita ce nawa ne suka tsallake karatu na biyu, nawa suka je kwamiti aka yi zaman jin ra'ayin jama'a a kansu, nawa ɗaya majalisar ta amince da su, nawa shugaban ƙasa ya sa wa hannu. Dokar 'yancin samun bayanai tun 1999 aka fara kai ta majalisa, Obasanjo bai sa hannu ba a 2007, sai a Mayun 2011 Jonathan ya sa. Dokar rage shekarun tsayawa takara da Tony Nwulu ya ɗauki nauyinta a majalisar wakilai, wadda Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018, ta sauke shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, ta shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Wanda ya bi irin waɗannan guda ɗaya har ta zama doka ya fi mai ƙudiri hamsin da suka tsaya a karatu na ɗaya.

Yanzu kwamiti. Gaskiya ne can ake aikin, musamman lokacin kare kasafin kuɗi. Shugaban hukuma zai zo da daraktocinsa da wani tulin takardu da sau da yawa sai daren jiya aka raba wa 'yan kwamiti, mafi yawa a wurin suke fara buɗewa. Akwai wani dattijo a kwamitin maigidana da ban taɓa jin muryarsa a zaure ba, amma kullum tasa takardar ta sha jan biro da ninkin shafi. Wata rana ya ce a buɗe shafi kaza, ya ce wannan aikin ai yana cikin kasafin bara kuma rahotonku ya nuna an saki kuɗinsa gaba ɗaya, me ya dawo da shi bana da suna iri ɗaya da adadi iri ɗaya? Shugaban hukumar ya waiwaya wajen daraktan kuɗi, shi kuma ya shiga juya takardu, ƙarshe aka ce su je su dawo da bayani a rubuce, kuma layin nan bai fito a rahoton kwamiti ba. Babu ɗan jarida ko ɗaya a ɗakin, mutanen mazaɓarsa har gobe ba su san ya yi ba.

Amma fa kar a fake da wannan. A kwamitin nan dai akwai waɗanda sai su leƙo su sa hannu a takardar halarta su fice, akwai waɗanda sai ranar da za a fita rangadin sa ido kan hukuma mai maiƙo ake ganinsu. Duk wanda ya ce miki mutumin kwamiti ne ki ce masa wane kwamiti, wane rahoto ya sa wa hannu, wace tambaya ya taɓa yi wa minista. Sashe na 88 da 89 sun ba su ikon bincike da kiran kowa ya zo ya yi bayani, in yana amfani da ikon zai iya nuna miki.

Malama_Tarihi ta rubuta:

Malam Tsohon Hadimi na gamsu da kusan duk abin da ka faɗa amma ina jin ka rage wa magana a zaure daraja fiye da kima. Kwamiti sau da yawa ba idon jama'a a kansa, zaure kuwa nan ne kaɗai inda wakili yake tsayawa da sunansa da fuskarsa ya ce ga matsayin mutanena, a rubuta a ajiye. Akwai ranar da shiru ba ya da wata fassara sai tsoro ko an sayi mutum.

A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya kawo ƙudirin a binciki tsarin mulkin En'e a yi masa gyara, a lokacin da faɗin haka gaban sarakuna da Turawa ba ƙaramin abu ba ne, kuma maganar ba ta faɗi ƙasa banza ba don an yi binciken, aka zo aka yi sabuwar dokar En'e a 1954. A ƙarshen Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudirin a ba Najeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya kawo gyaran cewa a bari sai lokacin da ya dace, ƙudirin bai wuce ba amma rikicin da ya biyo baya shi ya kai ga taron Landan da tsarin tarayya na 1954. Duk waɗannan a zaure aka yi su.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne tazarcen Obasanjo. A 2006 shugaban majalisar dattawa Ken Nnamani ya bari aka haska muhawarar gyaran tsarin mulki kai tsaye a talabijin, sanatoci suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya kowa na faɗin inda ya tsaya mutanensa na kallo, waɗanda suka yi alƙawari a ɗaki da yawa suka kasa maimaitawa gaban kamara, ranar 16 ga Mayu aka yi watsi da ƙudirin. Da a kwamiti aka ƙare maganar nan Allah kaɗai ya san inda za ta kwana.

Kuma ba sai magana ta yi nasara take da amfani ba. Robin Cook a Ingila ya ajiye muƙaminsa na minista ranar 17 ga Maris 2003 ya tashi a zaure ya faɗi dalilinsa na ƙin yaƙin Iraƙi, washegari majalisa ta amince da yaƙin duk da haka, amma jawabin yana nan a rubuce kuma da gaskiya ta fito kowa ya san wanda ya yi gargaɗi.

Ban ce a yi ta surutu ba. Strom Thurmond a majalisar dattawan Amurka ya yi awa 24 da minti 18 yana magana a 1957, duk don ya hana dokar kare haƙƙin baƙar fata wucewa, to ka ga tsawon magana ba shi ne alheri ba. Abin da nake cewa ƙanwarmu ta duba shi ne, ranar da aka kashe mutane a yankinsu ko ambaliya ta ci gari ko aka kawo dokar haraji da za ta taɓa su kai tsaye, ya tashi ko bai tashi ba? In shekara huɗu ta wuce ba a samu rana ɗaya da abin ya dame shi har ya nemi a ba shi dama ba, ni dai ba zan karɓi uzurin kwamiti ba.

Sarkin_Yaƙi01 ya rubuta:

Ku yi haƙuri Malama, duk wannan bayanin na 'yan boko ne. Wanda ba shi da ruwan sha ina ruwansa da karatu na biyu? Ni in ɗan majalisa ya kawo aiki mazaɓa ya samar wa yara aikin gwamnati ya ɗaga waya in an kira shi, wallahi ko bai taɓa buɗe baki a zaure ba ƙuri'ata tasa ce. Mun ga masu iya turanci da kullum suna talabijin amma ka je mazaɓarsu ba abin da za ka nuna.

Lauyan_Gobe ya rubuta:

Sarkin Yaƙi ban raina maganarka ba don buƙata gaskiya ce, sai dai aikin da kake gani a mazaɓa ai daga kasafin kuɗi ya fito, kuma kasafin a kwamiti da zaure ake yanka shi. Wanda ba ya zama ba ya karantawa, zai kawo maka aikin miliyoyi ka yi ta godiya alhali ya bari an wuce da dokar da za ta cire maka fiye da haka daga aljihu. Gina abu aikin ɓangaren zartarwa ne, shi an tura shi ne ya yi doka ya raba kuɗi ya kuma bi sawun yadda aka kashe.

Yaya Ƙanwar Maza, ɓangaren tambayarki da ba a taɓa ba shi ne na ƙuri'a, kuma a ganina ya fi magana da ƙudiri duka muhimmanci, don mutum zai iya yin jawabi mai daɗi da safe da yamma ya zaɓi akasinsa. A Ingila in aka raba majalisa kowa sai ya bi ta ɗaya daga cikin ƙofofi biyu a rubuta sunansa, kuma duk kalmar da aka faɗa a zaure tana fitowa a kundin da ake kira Hansad, kowa zai iya buɗewa a intanet ya rubuta sunan wakilinsa ya ga komai. Majalisar wakilan Amurka tun 1973 take ƙuri'a da na'ura sunan kowa na fitowa a allo. A Najeriya ma akwai Hansad ɗin da takardar jerin ayyukan rana da rahoton abin da aka zartar, amma kusan komai da ƙuri'ar murya ake yanke shi, masu eh su yi ihu masu a'a su yi ihu shugaba ya ce masu eh sun yi rinjaye ya buga guduma, shi ke nan ba sunan kowa. Ko dokar ta-ɓaci da aka sa wa jihar Ribas a Maris 2025 da murya majalisun biyu suka amince da ita, alhali sashe na 305 kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa yake nema, to ta yaya kunne zai ƙirga kashi biyu cikin uku?

Ki ga bambancin ranar da aka ƙirga. A Yulin 2021 da ake gardamar tura sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Enyinnaya Abaribe ya ƙi yarda da hukuncin murya ya nemi a raba majalisa, aka kira suna ɗaya bayan ɗaya, 52 suka zaɓi a ɗaure hukumar zaɓe da sharaɗin amincewar hukumar sadarwa da majalisa, 28 suka ƙi, 28 kuma ba sa wurin. Jaridu suka buga sunayen, mutane suka yi ca a kan wakilansu, kafin ƙarshen Oktoba majalisar dattawa ta janye ta bar wa hukumar zaɓe ikon. Sunaye ne suka yi wannan aikin. Don haka ki nemi irin waɗannan ranaku ki ga ina naku ya tsaya, ko ma yana cikin waɗanda suka ɓace.

Ƙirga yawan magana kuwa ko a Ingila ya taɓa jawo matsala, da wani shafin intanet ya fara jera 'yan majalisa bisa yawan tashinsu sai wasu suka koma tsoma baki na jimla ɗaya biyu a muhawarar da ba ta shafe su ba don lambarsu ta hau.

Ƙanwar_Maza ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abu biyu. Wasu na cewa turancinsa ne ba ƙarfi shi ya sa yake jin nauyin tashi kar a yanki bidiyonsa a yi ta masa dariya, shin dole ne sai da turanci? Na biyu, in an bincika an ga ba ya zaure ba ya kwamiti, sai mun jira zaɓe ko akwai abin da za a iya yi kafin nan?

Lauyan_Gobe ya rubuta:

Na farko, sashe na 55 ya ce za a gudanar da harkokin majalisar tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya kamata. Tanadin ne ba a yi ba, wato tafintoci da na'urar kunne da masu rubuta rahoto a harsunan, kuma su 'yan majalisar ne ke da ikon sa kuɗin hakan a kasafinsu. Abu ne mai yiwuwa, majalisar Tarayyar Turai da harsuna 24 take aiki, ta Indiya na da masu fassara nan take, majalisar jihar Legas ma tana zaman ranar Alhamis da Yarbanci. Kuma mu ma da laifinmu, duk wanda ya yi tuntuɓen harshe sai mu mai da shi abin dariya mu bar abin da ya faɗa, wannan na sa mai hankali da yawa ya ja bakinsa. Duk da haka dokar majalisa ba ta hana shi rubuta ƙudirin gaggawa ya tsara abin da zai faɗa tun daga ofis ba, yana da hadimai da ake biya don wannan.

Na biyu, sashe na 68 ya ce wanda ya ƙi halartar zama ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba har ya haura kashi ɗaya cikin uku na kwanakin da aka zauna a shekara ya rasa kujerarsa, sai dai shugaban majalisar ne zai aiwatar kuma rajistar halarta tana hannunsu. Sai kiranye a sashe na 69, ana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Yana da wuya matuƙa, wanda aka yi yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye a 2018 a wajen tantancewa ya mutu don waɗanda suka fito suka tabbatar da sa hannunsu ba su kai ko kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba.

Tsohon_Hadimi ya rubuta:

Ƙari a kan na Lauya, ku gwada shi da koke tukuna. Ku zaɓi matsala ɗaya tak da ta shafi wata hukumar tarayya, ku rubuta a takarda da sunaye da sa hannu, ku kai ofishinsa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku da kwanan wata. Ɗan majalisa ne ke gabatar da koke a zaure, daga nan a tura wa kwamitin koke-koken jama'a su kira hukumar ta zo ta amsa. Gabatarwar ba ta cin minti biyu kuma ba ta buƙatar dogon turanci, sunansa da na masu koken za su fito a rahoton zaman ranar. In wata uku ya wuce majalisa na zama bai gabatar ba, ku sake rubuta masa ku haɗa da kwafin na farko, ku aika wa akawun kwamitin shi ma.